Injin Ban Ruwan Yagana

A shekarar da soji suka kafa sansani a gaɓar Komadugu, ɗan gabas da ƙauyen Gajiri, kogi ya cika ya batse har yana lasar gindin tsamiya, amma tattasan Yagana yana mutuwa da ƙishirwa.

Wanda bai san noman tattasai ba zai ce zancen banza ne, ga ruwa ga gona. To gaɓar nan doguwa ce, ruwa kuwa ba ya hawa tudu don an roƙe shi. Damina ta ɗauke, tattasai ya fara fidda farin fure, lokacin da ya fi son ruwa ke nan. In ya sha, fure ya ɗaure ya zama 'ya'ya. In bai sha ba, fure ya kaɗe, shekara ta tafi. Yagana tana da injin ban ruwa, ja, wanda ta sayo da kanta a kasuwar Malam Fatori. Sai dai injin ba ya hannunta.

Ga yadda aka yi. Lokacin 'yan tawaye suna dajin arewa, masu tare hanya kuma suna tsakanin Diffa da Bosso, shi ya sa aka kawo sojin. Wata safiya Yagana ta tafi suna a wani ƙauye, sai ga babban sojin sansanin, wani Sarjan Ilu, ya iske mijinta Umara a gona. Ya ce tankin sansani ba ruwa, a ba shi aron inji, aikin tsaron ƙasa ne. Umara ya dubi bindiga, ya dubi inji, ya ce ai ba komai, har ya taya su ɗorawa a mota.

Tun daga ranar, kowace safiya ana jin ƙarar injin a bayan kwanar kogi, yana shayar da gonar Alhaji Nuruddeen, ɗan kasuwar nan na Damagaram, wanda suka shirya da sarjan za su raba amfani. Ba asiri ba ne. Gajiri duka tana ji. Mutane sun koyi ɗaga murya in suna gaisawa, don kada a ce sun ji.

Yagana ta gwada jigo, kamar yadda uwarta ta yi a da. Ta ja ruwa har hannuwanta suka yi kanta. Kafin ta gama da fangali na biyu, na farko ya bushe. Gonar inji ce, ba ta guga ba.

Da ta dawo gida da azahar ta iske Umara a inuwa yana ɗinke taru.

Ta ce, "Maigida, fure ya fara zuba."

"Allah zai kawo sauƙi."

"Ya kawo. Yana can gonar Alhaji yana ƙara."

"Yagana, rage murya."

"Gobe zan tafi Diffa in kai ƙara."

Umara ya ajiye allura. "Wa za ki kai wa? Mai kaki za ki kai wa ƙarar mai kaki? Uwarsu ɗaya. Kakana ya ga jandarma a zamanin Nasara, a kan raƙumi, sun zo karɓar haraji sun tafi da shi ɗaure da igiya. Abin da suka sani ke nan. Talaka suke kamawa."

"Kakanka ya ga wannan, ni ban gani ba. Bari in je in gani da idona."

"In suka tsare ki fa?"

"Sai ka kawo mini tuwo. Ka iya dama kunu ai."

Maganar Umara ita ce maganar kowa a kwarin nan, kuma ba a banza ta samo asali ba. Jandarma gadon Faransa ne, kuma mutanen karkara ba su manta da bulala ba. Amma an daɗe ana maimaita ta ba wanda ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar ya ga abin da za a ce masa. Tsoro ya fi kowace hukuma iya tsare mutum a gida.

Washegari da sassafe Yagana ta hau motar masu kifi. Ta sauka Diffa tana warin banda, da mayafinta mai kyau, da Hausarta ta kasuwa wadda take ce wa namiji "ke" in ta yi sauri. Ta tambayi inda masu kaki suke, aka nuna mata komisariya.

Ɗan sandan da ke ƙofa ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce, "Inna, a ina abin ya faru?"

"Gajiri."

"To ai mu iyakarmu gari. In an sace miki akuya a kasuwar Diffa, namu ne. Da zarar kin wuce gidan ƙarshe, ba namu ba ne."

Ta tafi ofishin parfe, babban mai mulkin yankin. Can ta iske gardi masu jar hula suna dafa shayi. Ɗayansu ya ce su ƙofar manya suke tsaro, da gidan kaso, da rakiyar masu mulki. Da ya ji an ambaci soja sai ya sauke murya, ya nuna mata hanya da leɓe. "Birgad. Wurin jandarma. Ki ce ba ni na aiko ki ba."

Birgad ɗin wani tsohon gini ne mai baranda, da tuta a tsakar fili, da wata tsohuwar mota a gindin dogonyaro. A baranda akwai Fulani biyu da manomi ɗaya suna jiran a raba musu rigimar ɓarna, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Aka shigar da ita wurin shugaban birgad, Ajidan Jibirin. Siriri ne, da furfura a gemu, ɗan 'yan kasuwar Damagaram wanda ya ƙi zaman kanti. Ya ce da ita, "Zamna, Inna." Ta zauna a bakin benci kamar mai shirin gudu.

Ta ba shi labari. Bai katse ta ba. Da ta gama ta ƙara da cewa, "Maigidana ya ce na yi aikin banza. Ya ce mai kaki ba ya taɓa mai kaki."

Ajidan ya yi murmushi. "Mutane da yawa suna faɗar haka, har da wasu masu kakin. Inna, ni soja ne. A bariki aka horar da ni, manyana manyan soji ne. Amma aikina na alƙali nake yi wa. Duk abin da ya faru a daji, daga bakin gari har bakin iyaka, namu ne. Kuma in soja ya yi laifi, ɗan sanda ba ya zuwa, gardi ba ya zuwa. Mu ake aikawa. Don haka aka yi mu."

"To tun da can kuna ina?"

"Muna nan. Ba wanda ya zo."

Ta dube shi da kyau, ta ga ba wasa yake ba.

Ya ce, "Amma ki ji wannan tun yanzu. Mijinki ne ya ba da injin da hannunsa. In na je, a gaban jama'a zan tambaya. In mai abu ya ce aro ya bayar da son ransa, ba ni da ƙara. Sai in gai da bulama in dawo. Ba zan iya yin magana a madadinki ba."

"Injin nawa ne."

"Ni kin faɗa mini. Can za ki faɗa."

A Gajiri mace ba ta magana a ƙofar bulama. Tana tsayawa bayan zana, mijinta ko wanta ya faɗi abin da ke bakinta. Wadda ta fito ta ƙaryata mijinta a gaban maza kuwa, ba a taɓa gani ba, balle a san hukuncinta.

Ajidan ya shiga ɗakin rediyo ya sanar da kumandansa, ya sa aka sanar da kumandan sojin yankin, don ba a shiga sansanin mutane kamar ɓarawo. Sannan ya buɗe akwati ya ɗauko wata farar ɗamara da farin majanyin kafaɗa ya ɗaura a kan kakinsa. Ya ce wannan shi ne alamar ranar da jandarma ya fito aikin duba soji. Motar ba ta tashi ba sai da Fulanin nan biyu da manomin suka haɗu suka tura ta, suna zagin juna a hankali.

Sun isa Gajiri rana ta ɗan karkata. Labari ya riga su, kamar kullum. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar Bulama Kalli, maza sun zauna, liman yana gefe da carbinsa, mata sun cika bayan zana. Yagana ta wuce cikinsu ba ta kalli kowa ba. Ta raɓa idonta a wata 'yar kafa. Ta hango Umara a ƙarshen tabarma, ya sa rigarsa ta Juma'a, yana kallon yatsun ƙafarsa.

Aka aika sansani. Sarjan Ilu bai yi sauri ba. Da ya zo, da soji biyu ya zo, kowa da bindiga. Ƙato ne, da baƙin tabarau. Bai gai da bulama ba.

Ya ce, "Ajidan, me ya kawo jandarma cikin aikin soji? Ba ku da masu keke da za ku tare a hanya?"

Wasu suka yi 'yar dariyar tsoro.

Ajidan ya miƙe ya sara masa yadda ya kamata, ya tsaya har sai da sarjan ya rama. Ya ce, "Masu keke suna nan, sarjan, ba za su gudu ba. Yau wurinka na zo. Kumandanka ya sani. Akwai injin ban ruwa a hannunka?"

"Aro aka ba ni. Ga mai shi nan, tambaye shi."

Ajidan ya juya. "Malam Umara, kai ka ba shi?"

Umara ya ce, "Ni na ba shi."

"Da son ranka?"

Sarjan ya cire tabarau ya zuba wa Umara ido.

"Da... da son raina, ranka ya daɗe. Baƙi ne. Ba a hana baƙo."

Bulama Kalli ya gyaɗa kai, ya ce haka al'adar garin take, abin da maƙwabci ya roƙa ba a hana shi, balle masu tsaron ƙasa. Maza suka ce haka ne, haka ne. Ajidan ya jira. Ya dubi sama, ya dubi takalminsa. Bai dubi zana ba ko sau ɗaya. Can ya ce, "To, madalla. In haka ne, babu ƙara." Ya ɗauki hularsa daga tabarma.

Yagana ta yunƙura za ta fita. Wata tsohuwa ta riƙe mata mayafi, ta ce, "Ke, rufa wa mijinki asiri." Daga bayan kwanar kogi kuwa injin yana ta bugawa, don da la'asar ma Alhaji ban ruwa yake yi.

Ta zare mayafinta daga hannun tsohuwar ta fita.

Ba ta tsaya a tsaye ba. Ta durƙusa a wajen tabarma, a kan yashi, ta ba maza gefe, ta yi magana tana kallon ƙasa kamar da ƙasar take.

"Bulama, Allah ya ja kwana. Malam, a gafarce ni. Maigidana bai yi ƙarya ba. Shi ya bayar. Mutum ne mai kyauta, kun san shi, in ka yaba rigarsa sai ya tuɓe maka. Amma injin nan, saniyar da uwata ta bar mini ce ta zama shi, da kwanonin jerena. Ku tambayi matanku. Kwanonin suna ɗakunansu, su suka saya."

Sai wata murya daga bayan zana ta ce, "Babbar langar tana wurina." Matar bulama ce. Wata ta ce, "Masu furen nan ni na ɗauka." Sai dariya ta ɓarke a bayan zana, irin wadda aka daɗe ana dannewa.

Yagana ta ce, "Ni ba a tambaye ni ba. Ban ba da aro ba. Tattasaina yana mutuwa. Ina son abina."

Ajidan ya mayar da hularsa kan tabarma. Ya ce, "Malam liman, dukiyar mace ta wa ce?"

Liman ya yi gyaran murya. Ya ga ba hanyar kaucewa. "Tata ce. Ko mijinta ba ya kyauta da ita sai da izininta. Wannan ba saɓani a kai."

"Malam Umara, injin naka ne?"

Umara ya ɗaga kai a karon farko. Ya dubi matarsa a durƙushe cikin rana. Ya ce, "Ni mai kawai nake zubawa, ranka ya daɗe. Shi ma in ta ce in zuba."

Wannan karon har maza suka yi dariya, ta gaske.

Sarjan Ilu ya daka tsawa. Ya ce ko na wa ne, buƙatar soji ta fi gaban tattasan wata tsohuwa, kuma in aka ƙara magana zai rufe mashigar kogi a ga wanda zai sha ruwa. Dariya ta mutu. Ya gyara bindigarsa a kafaɗa.

Ajidan ya juya wurin sojin nan biyu, ya ce da mai igiya biyu a hannu, "Kofur, tankin sansani ya cika?"

Kofur ya sunkuyar da kai.

"Da me kuke kawo ruwa?"

"Da jarka, mon ajidan. A ka."

"Tun yaushe?"

"Tun da muka zo."

"To wancan da nake ji yana bugawa, tankin wa yake cikawa?"

Kofur ya dubi ɗan'uwansa. Ɗan'uwan ya shafa ƙeyarsa, wurin da jarka ta ci gashi.

Ajidan ya matsa gaban sarjan har tsakaninsu bai fi kamu biyu ba. Kansa bai kai kafaɗar mutumin ba. Ya ce a hankali, "Sarjan Ilu, miƙa wa kofur bindigarka. Za ka bi ni Diffa. Ba zan sa maka ankwa a gaban yaranka ba, sai in kai ka so."

Daga inda take durƙushe Yagana tana ganin bayan wuyan ajidan. Gumi yana gangarowa cikin kwalarsa. Ashe shi ma yana jin tsoro. Wannan ya fi komai ba ta mamaki a ranar, ya kuma fi komai kwantar mata da hankali, don ta ga mai tsoro ma yana iya tsayawa wuri ɗaya.

Sarjan ya waiwayi yaransa. Kofur ya riga ya miƙo hannu.

Sarjan ya ba shi bindigar.

Mata suka rangaɗa guɗa. Bulama ya ɗaga hannu ya hana, ba wadda ta gan shi.

Gari duka ya bi ajidan zuwa gonar Alhaji Nuruddeen. Alhajin ba ya nan, ma'aikatansa kuma da suka hango farar ɗamara suka tuna da wasu ayyuka a wani wuri. Ga injin a bakin gaɓa, ya yi baƙi da mai, yana ta tura ruwa cikin tattasan da ya yi kore shar. Yagana ta kashe shi da hannunta. Ta goge masa jiki da bakin zanenta.

Sai ta ji ajidan yana ce wa direbansa, "Kawo mota kusa, a ɗora."

Ta ce, "Gonata ba nisa, Shef. Mu ɗauka a hannu."

"Ba gonarki za shi ba, Inna. Diffa za shi."

"Ina?"

"Shaida ne yanzu. Abin da aka yi laifi a kansa, sai an rufe shi da hatimi an ajiye har ranar shari'a. Haka doka ta ce."

"Yaushe ne ranar shari'ar?"

Ajidan ya sosa gemu. "Maganar soja tana da hawa-hawa. Sai ta je Damagaram, wataƙila har Yamai. Kafin rani ya ƙare dai, in Allah ya so."

Yagana ta tsaya ta dube shi tun daga hula har takalmi. Duk kunyar da ta ji a ƙofar bulama ta riga ta ƙare, ba ta da saura.

"Ke, Shef! Na bar gidana, na hau motar kifi, na buɗe bakina a gaban maza abin da uwata ba ta taɓa yi ba, don in canja wa injina ɓarawo? Wancan ya ɗauka da bindiga, kai za ka ɗauka da doka. Tattasai ya san bambanci? Zo ka gani."

Ta kama hanya, ya bi ta, jama'a suka bi su. A gonarta ganye ya langaɓe kamar kunnen akuya. Ta durƙusa ta kwashi farin fure daga ƙasa, busasshe, ta zuba masa a tafin hannu.

"Kai wa alƙali wannan ma. Shaida ne."

Ajidan Jibirin ya daɗe yana kallon tafinsa. Ba mutumin da zai karya doka don an yi masa tsawa ba ne, in da haka yake da bai zo ba tun farko. Amma ya yi shekaru yana yawo da dokar nan a daji, ya san tana da ɗakuna fiye da ɗaya.

Ya ce, "In muka kama shanu a rigima, ba ma kai su birgad, ba mu da ciyawa. Mukan damƙa wa wani amintacce ya riƙe wa alƙali. Ban ga inda aka ce inji ya fi saniya ba." Ya juya ga direba. "Kawo waya da dalma."

Aka kawo injin aka girka a bakin gaɓarta. Ajidan ya zagaya waya a jikin ƙarfen da ake ɗaukarsa, nesa da igiya da bututu, ya zura 'yar dalma, ya matse ta da wani awartaki har tambarin hukuma ya fito a kanta. Sannan ya miƙe ya ɗaga murya yadda na ƙarshen taro zai ji.

"Ku shaida. Daga yau injin nan yana hannun shari'a. Na naɗa Yagana matar Umara mai tsaronsa. Ita za ta riƙe shi, ita za ta kula da lafiyarsa. Inji kuwa in bai yi aiki ba tsatsa yake yi, don haka wajibi ne ta riƙa tada shi. Ba ta da izinin sayar da shi. Ba ta da izinin ba da aronsa ga kowa. Ko mijinta, ko bulama, ko soja, ko ni. Wanda ya ɗauke shi daga gabanta, da alƙali yake yi."

Yagana ta ce, "In maƙwabciyata tana so fa?"

"In kika kai shi da kanki, kika zauna kusa da shi, kika dawo da shi, bai bar hannun mai tsaro ba."

Ta naɗe igiya ta fizga. Injin ya yi tari sau biyu ya kama. Bututu ya kumbura, ya yi amai da iska da laka, sannan ruwan Komadugu ya fito ya kwanta cikin magudana. Ƙasa ta riƙa shanye shi tana tsotsa da ƙara. Umara ya tattare rigar Juma'arsa ya faɗa cikin taɓo da fartanya yana buɗe fangali, yana ce wa duk wanda ya tsaya kusa ai shi ya ba ta shawarar zuwa Diffa.

Motar jandarma ta tafi da sarjan a kujerar baya. Sojin nan biyu ne suka tura ta.

Fangalan gabas ba su tashi ba, sun riga sun wuce. Sauran suka farfaɗo, suka sake fure. Ba a yi sati ba Bulama Kalli ya aiko a ba shi aron inji na safiya ɗaya. Yagana ta je da kanta, ta durƙusa, ta ce wallahi da a hannunta abin yake da ko tambaya ba sai ya yi ba, amma ya ji abin da hukuma ta ce. Bayansa wan mijinta ya zo, da wani malamin gona, da wani mai neman kujerar depite a majalisa. Kowa ta nuna masa dalma cikin ladabi da baƙin ciki. A Gajiri ba a taɓa samun wanda ya ce a'a ba tare da an yi fushi da shi ba sai ita. Gonakin mata kuwa, ita da Umara sukan ɗauki injin su kai, ta zauna kusa da shi a kan buhu tana tsinkar zogale har a gama.

Lokacin da sanyi ya shiga, gaɓar Gajiri ta yi ja wur da shanyar tattasai, har mai wucewa sai ya yi atishawa. Ranar da ake ɗura na Yagana a buhuna, sai ga tsohuwar motar birgad ta tsaya a bakin gona. Ajidan Jibirin ya fito, ba farar ɗamara wannan karon, rangadi kawai yake.

Ya ce, "Inna, albishirinki. Magana ta ƙare da wuri. An sauke wa sarjan igiyoyinsa, an ɗauke shi daga yankin nan. Alhaji ma ya sha tambayoyi. Injinki ya fita daga hannun shari'a." Ya zaro almakashin ƙarfe daga aljihu. "Kawo in yanke miki wayar."

Yagana ta waiwaya. Can a kan hanya ta hango Bulama Kalli tafe da sandarsa, ya nufo motar don ya gai da baƙo. Ta matsa ta tsaya tsakanin ajidan da injin.

Ta ce, "Mayar da almakashinka, Shef. Ba ta hana shi aiki. Zo ka ga tattasai."